Sabuwar Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi: Nazarin Wani Aiki Daga Tudun Wada

Kwamfutar da za a yi bayani a kanta ta tebur ce, haɗin hannu, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tashi ba kafin a kawo ta shagonmu. Mai ita matashi ne daga Tudun Wada a nan Kaduna, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Laftof ɗinsa ta gaji. Da ya jera mata hotunan kamu da na ɗaurin aure da na dina sai ta ɗau zafi ta riƙa ƙamewa. Shi ne ya yanke shawarar ya sayi kaya ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da kansa, tunda ya ga yadda ake yi a YouTube, kuma lissafi ya nuna masa hakan ya fi sauƙin kuɗi a kan sayen haɗaɗɗiya mai irin wannan ƙarfi.

Madabod ɗin, wato allon da ake dasa sauran kayan a kansa (bod a taƙaice), babba ne, girman ATX, mai cif B450 da soket AM4, wato mazaunin furosesa, sabo fil a kwalinsa, daga wani shago a cikin gari. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600 ce ta kamfanin AMD, wani abokinsa ya aiko masa da ita daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas. Ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, guda biyu, DDR4, kowanne gig 8. Katin hoto GTX 1660 Super, na hannu. Fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan wuta, mai wat 550, sabo. Ma'ajiya biyu: sabon NVMe mai gig 512 da ake dasawa a jikin bod, da tsohon SSD na SATA, mai jonawa da waya, da ya ciro daga kwamfutar yayansa, wanda ke ɗauke da Windows 10 da wasu ayyukan da bai miƙa wa masu su ba. Sai kesin, wato akwatin da ake jera kayan a ciki, mai gilashi a gefe da fankoki masu canza launi. Zaɓin ba laifi. Duk wanda ya san kayan nan zai ce yaron ya yi bincike kafin ya fitar da kuɗinsa.

Da daddare ya haɗa, a kan kafet, cikin hunturu. Ya danna maɓalli, shiru. Abokai suka ce fawa-fak ne, ya mayar, mai shago ya canza masa wani ba gardama. Ya dawo ya ɗaura, shiru. Ya koma ya ce to bod ne. A nan mai shagon ya ja daga, ya ce bod ɗinsa a rufe ya fito daga kwali, a je a tuhumi furosesar da aka aiko daga Legas. Na Legas kuma ya rantse a gabansa aka gwada ta. Ga yayansa da ya ranta masa wani kaso na kuɗin ya fara tambaya, ga masu biki suna kira. A haka ya ɗauko ta a Keke Napep ya zo.

"Oga, ni dai ka gwada min ka faɗa min wanne ne ya mutu, bod ko furosesa, in san wanda zan kama."

Na ce masa, "Malam, ba mu ma tabbatar akwai wanda ya mutu ba. Zauna ka ba ni labari daga farko."

Tambayoyin da na yi masa na kowa ne. Ya ji ƙauri? A'a. Ya ga tartsatsi ko hayaƙi? A'a. Fanka ta taɓa motsi? Ko kaɗan. Na leƙa bayan fawa-fak ɗin don in ga ko yana da ɗan jan makunnin nan na zaɓen 115 ko 230. Tsofaffin da ake kawowa daga Amurka suna da shi, kuma idan aka bar shi a 115 aka soka a wutarmu mai bolt 230, ƙara ɗaya za a ji, shi ke nan. Wannan ba shi da shi. Batun kafet da hunturu ya ɗan dame ni, domin lokacin da iska ta bushe ne jikin mutum ke tara wutar nan da ke tartsatsi idan ya taɓa ƙarfe, kuma tana iya illata ram ko bod ba tare da an ga alama ba. Na ajiye wannan a gefe a matsayin zato na ƙarshe, saboda ba abu ne da ake iya gani da ido ba.

Shiru gaba ɗaya

Ƙin tashi iri-iri ne. Akwai wadda ba ta motsi sam. Akwai wadda fankokinta ke juyawa amma monita baƙi ƙirin. Akwai wadda ke nuna tambarin bod amma ba ta shiga Windows. Kowanne da inda ake nemansa. Wannan kwamfutar a mataki na farko take, don haka na fara da wuta.

Na zare duk wayoyin fawa-fak daga jikin bod. A babban filogin nan mai ramuka 24 akwai koriyar waya guda ɗaya tak. Idan ka lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda ka haɗa ta da kowace baƙar waya, fawa-fak zai tashi shi kaɗai ba tare da bod ba. A sababbin da duk wayoyinsu baƙaƙe ne sai ka ƙirga, rami na 16 ne. Ya tashi, fankarsa na juyawa. Amma juyawar fanka ba ta isa shaida ba, sai na sa mita. Layin rawaya ya kamata ya ba da bolt 12, ja ya ba da 5, mai ruwan lemo 3.3. Ƙa'idar ATX ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato layin 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4, kada ya haura 12.6. Duka suna cikin iyaka. Kusan tabbas na farkon da ya mayar ma lafiyarsa ƙalau, mai shagon ya yi canji ne kawai don a zauna lafiya.

Na mayar da wayoyin, na duba 'yan siraran wayoyin da ke fitowa daga gaban kesin. Nan ne sababbin shiga suka fi tuntuɓe, saboda fil-fil ɗin a cunkushe suke, rubutun da ke gefensu kuma sai da tocila. Wayar da aka rubuta wa POWER SW ya soka ta a kan fil na fitilar ma'ajiya, layin ƙasa maimakon na sama. Ma'ana duk dannawar da ya yi ta yi, bod bai san ana yi ba. Na zare ta, na taɓa fil biyun kunnawa da bakin sukudireba, wanda shi ne dai aikin da maɓallin ke yi.

Fankoki suka yi ɗan zillo, ba su kai zagaye ɗaya ba, suka tsaya.

Mai kwamfutar ya miƙe tsaye. "Oga, ta motsa!" Ni kuwa motsin bai yi min daɗi ba. Irin wannan zillon alama ce ta cewa fawa-fak ya saki wuta, ya ji wani layi ya haɗu da ƙarfe, ya yanke nan take don ya kare kansa da sauran kaya. Sai ka kashe shi ta baya ka sake kunnawa kafin ya yarda ya ƙara gwadawa. Na sa yarona ya kwance komai. Muka fito da bod muka ɗora shi a kan kwalinsa, ba a kan ledar nan mai ƙyalli da aka naɗo shi ciki ba, domin bayanta na iya ɗaukar wuta. Muka bar furosesa da fankarta, ram ɗaya, filogi mai 24 da mai 8. Na taɓa fil. Fanka ta tashi ta ci gaba da juyawa.

Tunda ya tashi a kan kwali ya ƙi a cikin kesin, to matsalar na cikin kesin. Ba a daɗe ana nema ba. Bod ba ya zama kai tsaye a kan ƙarfen kesin, akwai 'yan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa ya hau kansu, kowace ƙafa daidai ramin noti. Farantin kesin yana da ramuka fiye da buƙatar bod ɗaya, saboda an yi shi ya karɓi ATX da micro-ATX da ƙananan da ke ƙasa da su. Shi kuwa da ya ga ƙafafun da yawa a leda, sai ya ɗaura a duk ramin da ya gani, a tunaninsa hakan ya fi ƙwari. Biyu daga ciki suka faɗa inda bod ba shi da rami. Da na juya bayan bod ɗin na haska, ga ɗan zagayen ƙarzuwa kamar an dangwala bakin biro, daidai wurin da ɗaya ta danne ƙafafun dalma. Fentin kore ya ɗan kankare, amma layin tagullar da ke ƙasa bai yanke ba. Ya yi sa'a biyu: fawa-fak ɗinsa mai kariya ne, kuma kuskuren wayar maɓalli ya hana shi yi ta banka wa wurin wuta dare da rana.

Fanka na juyawa, monita baƙi

Nan ne aikin ya ɗau lokaci. Wannan bod yana da 'yan fitilu huɗu a gefe, an rubuta musu CPU, DRAM, VGA, BOOT. Duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kafin ta nemi Windows, sai ta binciki kanta bi da bi: furosesa, sannan ram, sannan hoto, sannan ma'ajiyar da za ta tashi daga ciki. Inda fitila ta tsaya, nan binciken ya maƙale. A nan ta CPU ce ta kama ja ta ƙi sauka.

Da ganin haka sai ya ce, "Ka gani ko, Oga? Furosesar ce. Wallahi mai shagon nan ya yi gaskiya." Na ce ya dakata. Fitilar ba ta ce furosesa ta mutu ba, cewa ta yi bod ya kasa tayar da ita, kuma dalilan hakan suna da yawa. Furosesa na cikin kayan da suka fi wuyar mutuwa a kwamfuta. Kafin in ɗora mata laifi sai na kore komai.

Na fara da filogi mai 8 da ke saman bod, wanda shi ke ciyar da furosesa. Fawa-fak na da filogi biyu masu kama da juna: na furosesa yana rabuwa huɗu da huɗu, na katin hoto yana rabuwa shida da biyu. Jerin wayoyinsu ba ɗaya ba ne, kuma na sha ganin wanda ya tura na katin da ƙarfin tsiya ya ƙona bod. Nasa daidai yake, ya kuma shiga har ya yi ƙas.

Sai na cire fankar furosesa. A AM4 akwai dabara: ka ɗan murɗa ta hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba man da ke tsakani zai manne ya tumɓuko furosesar daga soket alhali a kulle yake. Ƙafafun AM4 a jikin furosesar suke, guda 1331, sirara kamar gashi. Na karkata ta a gaban haske na bi layi-layi, ta tsaye da ta kwance, domin ƙafar da ta lanƙwashe takan yi ƙyalli daban da 'yan uwanta. Babu ko ɗaya. Ɗan kusurwar zinaren da ke jikinta ma ya dace da alamar soket. Na mayar. Na cire batirin bod, CR2032 mai bolt 3, na goge saitin da ke ciki na mayar da shi. Na gwada ram na farko a rami na biyu daga furosesa, wanda ake kira A2, na canza da ɗaya. Ba canji.

Gwajin da ya ba ni haske shi ne cire ram gaba ɗaya. Idan furosesa tana tashi, za ta nemi ram, ta rasa, fitila ta koma DRAM. Na kunna ba ram, fitila ta tsaya a CPU kamar da. Wato ba a ma kai ga neman ram ba. Saura zato biyu ko uku: furosesa matacciya, bod da ƙafar tagulla ta illata, ko kuma bod bai san wannan furosesar ba.

Na ce a miƙo min kwalin. A kusurwarsa akwai 'yar sitika da ke cewa a shirye yake ya karɓi Ryzen 3000. Ba a ambaci 5000 ba.

Ga yadda abin yake. Cif B450 ya fito ne a 2018. Jerin Ryzen 5000 ya fito a Nuwamban 2020, ita kuwa 5600 ɗin sai a Afrilun 2022. Soket ɗaya ne, don haka furosesar na zama daram, amma zama daban, ganewa daban. A cikin bod akwai ƙaramar manhaja, BIOS, wadda ke ɗauke da bayanin yadda za a tayar da kowace furosesa. Kamar maigadi ne da aka ba takardar sunayen baƙi: wanda ba ya cikin takarda ba zai wuce ba, ko da ɗan gida ne. Da farko ma, a 2020, AMD ya sanar cewa bod masu B450 ba za su karɓi sabon jerin ba, ɗaya daga cikin dalilan shi ne da yawansu ma'ajiyar BIOS ɗinsu megabait 16 ce kawai, ba ta iya ɗaukar bayanin duk furosesoshin AM4. Da masu saye suka yi ca, kamfanin ya janye, masu ƙera bod suka fara sakin sabon BIOS daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021. Duk bod ɗin da aka rufe a kwali kafin nan, da tsohuwar takarda yake yawo. Kuma irin kayan da ke iso mana, sau da yawa sun daɗe a sito a wata ƙasa kafin su hau jirgi. Bod na iya zama sabo fil, ba wanda ya taɓa shi, amma shekarunsa biyar a kwali.

Zato ne har yanzu, sai an gwada. Muna ajiye Ryzen 3 3200G a shago musamman don irin wannan rana. Ta 2019 ce, kuma harafin G ɗin na nufin tana da nata hoton a ciki, ba ta buƙatar kati. Na ɗora ta, na soka HDMI a bayan bod. Fitilu suka bi juna, CPU, DRAM, VGA, tambari ya bayyana a monita. Na shiga BIOS, kwanan watan da ke jikinsa na 2019 ne. Gwaji ɗaya ya wanke bod, ya wanke ram, ya nuna ƙarzuwar nan ba ta yi ɓarna ba.

Sabunta BIOS ba wuya, amma shi ne wurin da garin gyaran gira ake rasa ido. Wasu bod suna da maɓalli a baya da ke ba ka damar yi da filashi kawai, ko ba furosesa. Wannan ba shi da shi, shi ya sa ba makawa sai da aron tsohuwar furosesa, abin da mutum shi kaɗai a ɗakinsa ba zai iya ba. Na karanto cikakken sunan bod da lambar bugunsa daga jikinsa, ba daga kwali ba, domin akan sami biyu masu suna kusan ɗaya amma fayilinsu daban. A shafin kamfanin na duba jerin furosesoshin da ya yarda da su, na ga daga wane bugu aka fara karɓar 5600. Na karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowane bugu, saboda wasu bod sai ka bi ta wani na tsakiya kafin ka hau na ƙarshe. Na goge filashi zuwa tsarin FAT32 da bod ke iya karantawa, na zuba fayil.

Sai batun wuta. Idan aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa, bod ya zama katako, sai dai a nemi na'urar da ke maƙale wa cif ɗin a sake rubuta shi daga waje. Ba na yin wannan aikin a kan wutar gari kai tsaye, ba na yinsa a kan ƙaramin janareta. Na jona a UPS, na'urar batiri da ke riƙe wuta idan an ɗauke, mai cikakken caji, na ce kowa ya matsa daga tebur. Kwamfutar ta kashe kanta ta kunna fiye da sau ɗaya, monita ya yi baƙi na ɗan lokaci, mai ita ya kai hannu zai danna maɓalli na riƙe shi. Haka take yi. Can sai tambari ya dawo da sabon kwanan wata.

Muka mayar da 5600 da sabon man furosesa, ɗigo ɗaya a tsakiya. Fitilar CPU ta kama ta sauka. Ta DRAM ta ɗan jima ta sauka. Ta VGA ta tsaya, kuma haka ya kamata, domin 5600 ba ta da hoto a cikinta. Ramin HDMI da ke bayan bod ba ya aiki sai da furosesa mai G. Na sa katin hoto, na ba shi filoginsa mai 8, na mayar da wayar monita jikinsa, hoto ya fito. Na tambaye shi a gida ina ya soka wayar monita. Ya nuna min bayan bod. Wato ko da duk sauran sun daidaita, da baƙin monita zai ci gaba da kallo.

Kafin mu wuce, wani rubutu ya fito yana cewa an ga sabuwar furosesa, a danna Y ko N game da fTPM. Wannan makullin tsaro ne da ke cikin furosesar. A sabon haɗi Y ba ta da illa. Amma wanda ya kulle ma'ajiyarsa da BitLocker, makullin Windows, kada ya danna sai lambar ceto na hannunsa.

Ma'ajiyar da ta ɓace

Muka cire ƙafafun tagulla biyun, muka mayar da komai cikin kesin, ana gwada kunnawa bayan kowane abu da aka ƙara. Ram ɗin a manne da juna ya sa su tun farko, muka mayar A2 da B2, wato rami na biyu da na huɗu, don su yi aiki layi biyu. Sai BIOS ya ga NVMe, bai ga tsohon SSD ba. Hankalinsa ya tashi saboda ayyukan mutane na ciki. Littafin bod ɗin, wanda ko ledarsa bai yage ba, ya ba da amsa: idan aka sa NVMe a raminsa na jikin bod, M.2, biyu daga cikin ramukan SATA suna mutuwa saboda hanya ɗaya suke bi. A ɗaya daga cikinsu ya soka. Muka matsar da waya, SSD ya bayyana.

Amma ya ƙi tayar da Windows ɗin da ke kansa. An girka shi ne a tsohon tsarin jera ma'ajiya, MBR, sabon BIOS kuma ya zo a sabon saitin tashi, UEFI zalla, wanda ke neman sabon tsari, GPT. Ana iya kunna CSM, saitin da ke karɓar tsohon tsari, ya tashi, ana kuma iya juya shi zuwa GPT da manhajar mbr2gpt. Ban ga amfanin ko ɗaya ba. Windows ne da ya saba da kayan wata kwamfuta, kuma Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Na zare SSD ɗin gaba ɗaya, na girka Windows 11 a kan NVMe, sannan na mayar da shi a matsayin ma'ajiyar ajiya. Zarewar na da dalili: idan aka bar tsohon a jone, wani lokaci sai Windows ya ajiye fayilolin tashi a can, ranar da aka cire shi kwamfuta ta sake ƙin tashi ba a san dalili ba.

Ram yana gudu a 2133, na kunna XMP, saitin gudun ram a BIOS, ya hau 3200 da aka rubuta a jikinsa, wanda shi ne gudun da AMD ya amince wa wannan furosesa. MemTest86, manhajar gwajin ram, ya zagaya ba kuskure, abin da ya kwantar min da hankali kan batun kafet. Na sa shi ya tace ɗaya daga cikin bidiyoyinsa a gabana ina kallon zafi.

Wa za a kama?

Bai manta da tambayarsa ta farko ba. Na ce masa ba kowa. Cikin manyan matsaloli biyar da muka samu, huɗu daga hannunsa suka fito: wayar maɓalli, ƙafar tagulla, wayar monita, ramin SATA. Ukun cikinsu a rubuce suke a littafin bod. Ta biyar, BIOS, ita ce kawai za a ce mai shago na da ɗan alhaki, kuma ni a ganina yana da shi. Duk mai sayar da bod na AM4 a yau ya san yawancin masu saye furosesar Ryzen 5000 za su ɗora, tambaya ɗaya ce, "wace furosesa za ka sa?", kuma sabuntawar ba ta cin sa rabin awa. Amma bai sayar da jabu ba, bai sayar da matacce ba. Na ba shi shawarar ya koma ya gaya masa abin da aka gano cikin mutunci, ko don na bayansa, tunda da wuya a ce babu sauran irin wannan bod ɗin a shagonsa.

Abin da ya sa lamarin ya cakuɗe masa shi ne matsalolin a jere suke, wata na rufe wata. Ko da ya canza bod ya sami irinsa daga kwali ɗaya, shirun nan zai sake ji saboda wayar maɓalli. Ko da ya gyara waya, ƙafar tagulla na jira. Kowane canji da ya yi bisa zaton abokai, sakamakonsa ɗaya ne, shiru, don haka bai koyi komai daga gare shi ba. Sayen kaya daga wurare uku kuma ya sa kowane mai sayarwa na da wanda zai nuna wa yatsa. Ban ce kada a yi hakan ba, wani lokaci bambancin farashin ya kai a yi. Sai dai mai yi ya san shi ne zai zama mai gwaji, ko ya nemi wanda ke da kayan gwaji tun kafin ya fara mayar da kaya.

Da zai tafi na nuna masa takardar da ke jikin fawa-fak: daga bolt 200 zuwa 240 kawai yake karɓa, ba irin masu ɗaukar 100 zuwa 240 ba ne. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, zai iya ƙin tashi ko ya mutu ana cikin aiki, kuma ba lalacewa ya yi ba. Ya ce yana da sitabilaizar firiji a gida. Na ce ta fi babu, amma ya tara ya sayi UPS, kuma in inbata zai jona, ya tabbatar mai tsabtatacciyar wuta ce. Na rubuta masa lambar bugun BIOS da ramukan SATA biyun da ba sa aiki a bayan rasit. Ɗaya daga cikin fankokin katin hoton na ɗan karkarwa idan aiki ya yi nauyi, kamar yadda na hannu suka saba. Wannan na ce ya fara sallamar masu biki tukuna, ya kawo shi daga baya a canza fankar a sa masa sabon mai.